Numfashin Direban Motar Makaranta

Litinin, 1 ga Satumba

Sababbin ɗalibai sun iso, likitoci huɗu masu son koyon aikin sa barci a tiyata. Tun jiya nake ɗoki kamar ni ce zan fara. Baban yara ya ce duk shekara haka nake, wai da 'ya'yan cikina nake yi wa wannan rawar jiki da tuni sun zama farfesoshi.

Na fito musu da Baba Roba, mutum-mutumin da muke koyon zura bututun numfashi a kansa. Haƙoransa biyu sun karye tun bara. Wani dogo mai surutu a cikinsu ya leƙa bakin ya ce, "Malama, wannan ai ya riga mu gidan gaskiya, a bar shi ya huta." Kafin a tashi kowa Dogo yake kiransa.

Sanyi ce ta nuna musu yadda ake riƙe cokali, ƙarfen nan mai fitila da muke ɗaga harshe da shi mu leƙa maƙogwaro. Shekararta ta uku ke nan a hannuna. Ni na sa mata sunan, don ko gobara ta tashi a ɗaki hannunta ba ya rawa. Ina kallonta ina jin daɗi kamar ni na haife ta.

Laraba, 3 ga Satumba

Yau darasin da na fi so.

Idan muka sa mutum barci, muka ba shi maganin da ke sakin jiki, numfashinsa tsayawa yake cak. Daga nan har mu zura masa bututu, iskar da ya tara a huhu kawai yake ci. Siriri mai lafiya yakan jure. Mai ƙiba, ko mai ciki, ko ƙaramin yaro, kafin ka gyara tsayuwa leɓɓansa sun soma duhu. Dabarar ita ce a bar masa siririyar robar nan a hanci, a buɗe oksijin sosai, tana ta hurawa kai kuma kana leƙe. Ƙirji ba ya motsi. Amma jini yana ta kwasar oksijin daga huhu, gurbin da ya bari kuma yana janyo sabuwa daga sama, shiru-shiru, muddin hanyar a buɗe take. Mutum ba ya numfashi amma yana shan iska. Shekara da shekaru ina faɗar wannan, har yau tsigar jikina tashi take.

Dogo ya ɗaga hannu. "Malama, ni ma a taimaka a sa mini. Na gaji da yin numfashi da kaina."

Na ce musu robar nan ba ta kai kuɗin cefane ba, amma lokaci take ba ka, kuma a aikinmu babu abin da ya fi lokaci tsada. Sai da na ga sun fara haɗa jakunkuna na tuna ban faɗi dokar ba. Na faɗa a tsaye: leƙe uku, in bututu bai shiga ba ka ajiye cokali ka kira babba. Zan maimaita musu a tsanake.

Juma'a, 5 ga Satumba

Sun gani da idonsu. Wata mata mai jiki, Sanyi ta ɗan sha wuya kafin ta hango ƙofar maƙogwaron, amma lambar oksijin a allon na'ura ko gezau, ƙarar ma tana nan a sama, tsit-tsit-tsit, ba ta sauka ba. Na ce su saurara. Na ce da babu robar da tuni kun ji ƙarar tana yin ƙasa, kuna jin cikinku yana bin ta. Dogo har da tafi a hankali cikin safar hannu.

Na dawo gida ina waƙa a mota.

Talata, 9 ga Satumba

Na je duba marasa lafiyar gobe. Akwai direban motar makaranta, duwatsu a matsarmama, za a cire. Ƙato ne, gajeren wuya, ƙaramin haɓa ɓoye cikin gemu. Na ce ya buɗe baki, ban ga komai ba sai harshe. Irin wuyan da nake zana musu a allo.

Na tambaya ko yana minshari. Matarsa ta riga shi amsawa. "Likita, maƙwabta sun daina sayen agogo."

"Ƙarya take mini, Likita. Ni ban taɓa jin kaina ba."

Damuwarsa ba wuƙa ba ce, yaran ne. Wanda aka ba motar wai gaggawa gare shi, ba ya jira yaro ya zauna kafin ya ja. Akwai wata 'yar mitsitsiya da ba ta yarda kowa ya ɗaga ta ta hau sai shi. "Yaushe zan koma, Likita?" Na ce in Allah ya yarda ba zai daɗe ba. Na yi masa bayanin wuyansa da abin da muka tanada, na ce ni da kaina zan tsaya a kansa. Ya ce to ai shi ke nan, ya juya yana yi wa matar tsiya don ta manta da cajar wayarsa.

Na ce wa Sanyi ita za ta riƙe cokali, ni ina gefenta. Ta ce, "To, Malama."

Laraba, 10 ga Satumba

Yana ɗakin kulawa ta musamman, na'ura na yi masa numfashi. Ba zan iya rubutu ba yau.

Alhamis, 11 ga Satumba

Bari in rubuta tun kaina bai fara gyara labarin ba.

Mun shirya komai. An ɗaga masa kai da kafaɗu, ya sha oksijin har ya ƙoshi, roba na hanci. Ban kai ga ba da allurar barci ba sai ga ungozoma daga ɗakin haihuwa, ko takalmi babu a ƙafa ɗaya. Mace ta haihu jini ya ɓalle, ana shigar da ita ɗakin tiyata na biyu, babu wani babba a kusa. Likitan fiɗa, Mai Wuƙa, ya riga ya wanke hannu yana tsaye yana tsaki, wai jerin marasa lafiyarsa da tsawo. Sanyi ta dube ni.

Na ce, "Fara, ina zuwa. Roba na nan, kina da lokaci."

Sauran daga bakinta da bakin nas na ji.

Leƙen farko, harshe da nama kawai. Ta gyara kai ta sake, ba ta ga ƙofar ba. Na uku bututun ya faɗa hanyar abinci, ta gane ta zare. Lambar tana casa'in da takwas cikin ɗari. Ƙarar na'ura tana sama, lafiya lau. Nas ya ce ko a kira Malama, ta ce Malama na kan mai jini, bari ta gwada da ɗan ƙaramin bututu. Ta gwada. Ta sake gwadawa. Kowane leƙe ƙarfe yana gurzar nama, nama yana kumbura, jini yana taruwa a can ƙasa inda ba a gani. Har hanyar ta rufe. Robar tana ta hurawa, iskar ba ta da wurin bi.

Lambar ba ta gangaro a hankali ba. Faɗowa ta yi.

Ta ajiye cokali ta ɗora abin rufe fuska tana matsa jakar iska, ƙirji bai ɗaga ba. Ta sa abin buɗe hanyar iska na cikin baki, jini ya hana shi zama. Dogo ne ya banko ƙofar ɗakin da nake. Fuskarsa kawai na gani na miƙa wa wani jakar jinin da ke hannuna.

Na same shi ya yi duhu kamar toka. Na lalubi maƙogwaro a cikin kitsen wuya, na tsaga, na zura bututu ta nan. Iska ta shiga. Amma zuciya ta riga ta tsaya. Muka yi ta danna ƙirji, muna karɓa-karɓa, har ta dawo. Ba zan rubuta tsawon lokacin ba. Na san shi.

Mai jini ta rayu. Ɗanta namiji.

Juma'a, 12 ga Satumba

Jiya na kasa rubuta maganar matar. Na same ta a benci da ledar kayansa a cinya. Na zauna kusa da ita na faɗa mata komai, ban rage ba: bututu ya ƙi shiga, an yi ta gwadawa fiye da yadda ya kamata, iska ta yanke wa ƙwaƙwalwarsa, ba mu san iya ɓarnar ba tukuna. Na ce ba na ɗakin lokacin da aka fara.

Ta gyara ledar a cinyarta. Sannan ta ce, "To an cire duwatsun?"

Na ce ba a taɓa ba.

"Ashe ko aikin ma ba a yi ba."

Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Lahadi, 14 ga Satumba

Mun janye maganin barci. Muna jira ya farka.

Litinin, 15 ga Satumba

Bai farka ba. Na matsa farcensa da biro, hannun ya miƙe ya murɗe waje. Na san ma'anar wannan, ɓarna ce mai tsanani a ƙwaƙwalwa, na koyar da ita sau ba adadi. Na ce wa matar mu ƙara masa kwanaki, wani lokaci ƙwaƙwalwa takan ba mu mamaki. Gaskiya ne. Ban dai faɗa mata sau nawa na taɓa ganin mamakin ba.

Sanyi tana zuwa kullum kafin aiki. Ba ta shiga, tana tsayawa a jikin gilashi.

Laraba, 17 ga Satumba

Na same ta a ɗakin canza kaya, zaune a ƙasa, takalmi ɗaya a hannu. Na zauna a benci. Ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi.

"Malama, ina sauraron ƙarar. Ba ta canza ba ko kaɗan. Na san dokar, wallahi na sani. Amma duk lokacin da zan ajiye sai in ji na'urar tana cewa lafiya lau, in ce sau ɗaya kawai."

Na ce mata kowa a aikin nan yana da ranar da yake ɗauke da ita.

"Da babu robar, da tun leƙe na biyu lambar ta faɗi. Da na tsorata na kira ki tun hanyar na buɗe."

Na ce ba laifin robar ba ne. Na faɗa da ƙarfi fiye da yadda na yi niyya, har ta ɗago kai. Na ce robar nan ta ceci mutanen da ba za mu iya ƙirgawa ba. Ta ce, "Haka ne, Malama," ta sa takalmin.

Kuma haka ɗin ne. Na dawo na sake karanta duk binciken da na tara a kai. Babu inda aka ce tana ƙara yawan leƙe. Lokaci take ƙarawa, don ka yi leƙenka a natse, don wanda ka kira ya iso. Kowa ya rubuta haka. Ni ma haka nake nufi duk shekarun nan.

Juma'a, 19 ga Satumba

Baban yara ya ce abinci na sanyi. Na ce na ci a asibiti. Ya ce shekara ashirin da aure, ƙaryar nan dai ban iya ta ba. Ya ja kujera ya zauna har na ci rabi.

Auta ta tambaya ko wani ne ya mutu. Na ce a'a.

Talata, 23 ga Satumba

Zaman bincike. Shugaban sashe, Mai Wuƙa, babbar nas, ni, Sanyi a ƙarshen teburi. Fanka na ƙara.

Shugaba ya tambaye ta me ya hana ta kira bayan na uku. Ta ce, "Lambar ba ta sauka ba, ranka ya daɗe." Ba ta ce an bar ta ita kaɗai da wuyan da aka san yana da wuya ba. Ni na faɗa, na ce ni na ce ta fara. Ya gyaɗa kai, ya ce ai da mai jini ta mutu da wani zaman muke yi yanzu. Mai Wuƙa yana duba agogonsa. Shi dai bai ce komai ba a ranar, wai, aikinsa daga wuya zuwa ƙasa ne.

An yanke cewa Sanyi ba za ta sake sa kowa barci ba sai da babba a ɗaki, har zuwa wani lokaci. Kuma duk wanda ke taimakawa zai riƙa ƙirga leƙe da babbar murya, a na uku ya kira da kansa ko an so ko ba a so. Shawara mai kyau. Ni ya kamata in kawo ta tun shekarun baya.

Alhamis, 25 ga Satumba

Ya buɗe ido.

Matar ta tare ni a baranda tana dariya da hawaye, ta riƙe mini hannu biyu. "Likita, ya dawo. Zo ki gani, ya dawo."

Na je. Idanun a buɗe suke. Na wuce da yatsa, ba su bi ba. Na kira shi a kunne. Na ce ya matsa hannuna. Suna kallon silin, suna yawo a hankali, kamar mai neman abu a ɗaki mai duhu. Yana numfashi da kansa yanzu ta ramin wuyan.

Ta ce, "Yana jina, ko?"

Na ce ban sani ba. Na ce ta ci gaba da yi masa magana. Ta sunkuya ta ce masa ta kawo cajar, ya daina ƙorafi.

Asabar, 27 ga Satumba

A kan hanya motar makarantar Islamiyya ta tsaya a gabana, wata daban, yara na sauka. Na bayana suna ta danna ham. Sai da ta tafi na lura ni ce na tare hanya.

Talata, 30 ga Satumba

Likitan ƙwaƙwalwa ya duba hoton, ya gwada duk abin da ake gwadawa. Ya zauna da matar da ƙanin mijin, ina wurin. Ya faɗa musu a hankali cewa da wuya ya sake dawowa hayyacinsa. Ƙanin ya tashi ya fita, muka ji ya daki bango. Ita ta ce, "To yanzu sai a koya mini yadda zan kula da shi."

Na ce ni zan koya mata. Babbar nas ta ce ai aikinsu ne, na ce na sani.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Darasi na farko. Yadda ake wanke hannu, yadda ake zura robar zuƙe majina a ramin wuya, iya inda za a tsaya, a zaro ana juyawa, kar a daɗe don iskarsa ake zuƙewa tare. Yadda ake cire bututun ciki a wanke. Abin da za ta yi idan ya toshe kuma babu kowa a gida.

Sau biyu ta kuskure. A karo na uku ta yi daidai. Ta yi tambayar da ɗalibaina ba su taɓa yi ba, ko yana jin zafi. Na ce mai yiwuwa yana jin damuwa, shi ya sa ake gaggawa. Ta ce masa, "Yi haƙuri, maigida, kai ma ka sha takura mini."

Bakina ya kusa cewa madalla, kin iya, kamar yadda nake ce wa yara. Na haɗiye.

Ta yi mini tambaya a kan yarinyar da ke tsayawa a jikin gilashi. Na ce ita ce ta riƙe cokalin a ranar. Ta ce ta sani tun tuni. "Ki ce mata ta daina tsayuwa a can. Ko ta shigo ko ta tafi."

Na faɗa wa Sanyi. Ta shiga. Ban bi ta ba, ban kuma tambaye ta abin da aka ce ba.

Litinin, 6 ga Oktoba

Mai ciki, aikin gaggawa, wuya a kumbure. Ni na leƙa. Roba na hanci, lambar ta tsaya har na shiga a karo na biyu. Nas yana ƙirgawa da ƙarfi, "Ɗaya. Biyu." Da babu robar ban san yadda za ta kaya ba. Dogo ya ce, "Malama, ga abin naki ya yi aiki." Na ce ya duba ƙarin ruwan da ke hannun matar.

Da na zare safa na ga tafina ya jiƙe sharkaf.

Alhamis, 9 ga Oktoba

An sallame shi. Ƙanin ya kawo mota mai buɗaɗɗen baya da katifa. Mutum huɗu suka ɗaga shi, ya rame amma har yanzu da nauyi. Matar ta hau ta ɗora kansa a cinya, injin zuƙe majina a gefenta cikin kwali, ta rufe ramin wuyan da ɗan ƙyalle yadda na nuna mata. Idanunsa na kallon sama.

Na ba ta lambar wayata. Ta ce, "Allah ya saka, Likita." Ban san da wace fuska na karɓa ba.

Duwatsun na nan a cikinsa.

Litinin, 13 ga Oktoba

Jerin yau masu sauƙi ne, matasa, sirara, wuya dogo. Ni na zura duka.

A na ƙarshe Dogo ya riga ya ɗauki cokali, ya gwada fitilar, ya tsaya a kan mara lafiyar. "Malama, wannan bakinsa kamar ƙofar gareji, ko da ido rufe sai in shiga." Na miƙa hannu. Ya ɗan tsaya, sannan ya ba ni. Na ce gobe.

Sanyi tana gefen na'ura. Ta dube ni, ta mai da kanta kan allo.

Sai bayan wata uku wai ake barin sababbi su fara taɓa mutum, su kuwa ko biyu ba su cika ba, babu gaggawa. Baba Roba na nan. Kuma Mai Wuƙa na jira, aiki ya yi yawa yau.

Na duba jerin gobe. Shi ma da tsawo.